Zabuwar Ƙofar Mma

Inusah: Alo? Salamu alaikum.

Muniratu: Wa alaikumus salam. Yaya Inusah, kana jina?

Inusah: Wa ke magana? Muni, ke ce?

Muniratu: Ni ce mana. Ƙanne nawa gare ka a Nima?

Inusah: Ei, Muniratu! Ina wuni?

Muniratu: Lafiya lau. Ya Italiya? Ya sanyi?

Inusah: Sanyi kam ana shan shi. Ya Accra? Ya zafi?

Muniratu: Muna ciki. Ya Anti Ruwaida da yara?

Inusah: Duk ƙalau. Ya mutanen gida? Ya su Anti Salimatu?

Muniratu: Tana nan, ƙafar ce dai ke damunta. Kullum sai ta tambaye ka, wai borga, ɗan Turai, ya manta da wadda ta goya shi.

Inusah: Ni? Ki gaishe ta da kyau. Ya aikinki na fenti? Har yanzu kina rubuta wa masu trotro "Allah Ne Mai Yi" a bayan mota?

Muniratu: Da shi muke ci. Ya naka aikin?

Inusah: Alhamdulillahi, yanzu ma ɗan hutu na fito. Me ya sa ba ki kira ta intanet ba? Wannan ai zai cinye miki kati.

Muniratu: Intanet ɗin tun safe yake wasa da ni. Bari ya cinye, maganar ba ta jira.

Inusah: Lafiya? Mma ce?

Muniratu: Mma lafiyarta ƙalau. Ta sha koko da safe, yanzu tana gidan Anti Salimatu.

Inusah: Alhamdulillahi. Mantuwar fa?

Muniratu: Mantuwa tana nan inda ka san ta, ta ma ƙara ƙiba.

Inusah: Allah ya sawwaƙe. Af, na tuna. Ki ɗauko mini hoton ƙofar nan da na sa aka kafa, wani abokina na son irinta a gidansu na Kumasi. Ba ta fara tsatsa ba ko?

Muniratu: Ko kaɗan. Tana da ƙarfi sosai. Jiya ma har mai baro ya bi ta kanta da buhunan gawayi, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Inusah: Madalla. Ai na gaya miki ƙarfen... Tsaya. Ya bi ta ina?

Muniratu: Alo? Yaya, layin na yankewa.

Inusah: Layi bai yanke ba, ina jinki sarai. Kin ce ya bi ta cikinta ko ta kanta?

Muniratu: Ta kanta.

Inusah: Muniratu, ina ƙofata?

Muniratu: Tana kan kwata, gaban matar nan mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan. Ita ce gadarsu yanzu.

Inusah: Inna lillahi! Ƙofar ƙarfen? Mai makulli uku? Wadda na yi hunturu guda ina aikin dare kafin in saya?

Muniratu: Ita.

Inusah: Ɓarayi ne suka cire?

Muniratu: Ni na cire. Na kira kafinta, muka kwance ta, muka ɗora a baro.

Inusah: Ke! Kin haukace ne? Gidan ubanmu da na gyara don mutane su daina cewa ɗansu na Turai amma ƙofarsu kamar ta akurkin kaji?

Muniratu: Ka gama faɗan, sai in ba ka labari. Amma ka yi sauri, katina kake ƙonawa.

Inusah: Ina jinki. Wallahi ina jinki.

Muniratu: Ka tuna yaushe Mma ta fara ɓata?

Inusah: Bara, bayan ƙaramar Sallah.

Muniratu: Yaushe aka kafa ƙofarka?

Inusah: Kada ki ɗora mini. Ciwo ne, likita ma ya faɗa.

Muniratu: Ciwo ne, ban musa ba. Tun kafin nan tana sa gishiri a shayi, tana kirana da sunan yayarta da ta rasu. Amma ko ina ta je tana dawowa gida da ƙafarta. Daga ranar da aka cire tsohuwar koriyar ƙofar nan ta katako, sai ta zo daidai gidan, ta kalle shi, ta wuce. Ni ce nake bin ta, Yaya. Na tsinto ta a kasuwar Maamobi. Na tsinto ta a Kanda, zaune a gindin katangar wasu, kare na mata haushi. Akwai ranar da wani direban trotro ya dawo da ita daga Adabraka, ba takalmi.

Inusah: Ba ki gaya mini ta Adabraka ba.

Muniratu: In gaya maka ka yi me? Ka turo wani makullin?

Inusah: Muni.

Muniratu: Yi haƙuri. To watan jiya sai ta canza. Ta daina nisa. Kullum sai a same ta a bakin kwatar mai dokunu, tsaye, tana hana mutane hawa katakon da suke tsallakawa. Duk wanda ya ɗaga ƙafa sai ta riƙe masa riga, tana cewa ba a taka ta, ba a taka ta. Yara suka fara bin ta da waƙa. Wata mata ta tofar da yawu, ta ce tsohuwar nan ba haka ta bar kanta ba.

Inusah: Wace mata? Faɗa mini sunanta!

Muniratu: Bar ta, ba ita ce maganar ba. Ranar nan na je ɗauko Mma, ta ƙi motsi, sai na durƙusa in ga abin da take karewa. Yaya, katakon nan ƙofarmu ce. Maginin da ka sa ya yi aikin shi ya bayar da ita. Ƙafafu sun cinye fentin tas, amma ga ramin sakata, ga kore a cikin tsagar katako.

Inusah: La ilaha illallahu.

Muniratu: Duk unguwa na cewa ta zare, ashe ita kaɗai ce ta gane ƙofar gidanta. Na ce wa mai dokunu ta ba ni. Ta ce to abokan cinikinta su yi fiffike? Shi ne na ce zan kawo mata wadda ta fi ta.

Inusah: Sai kika kai mata tawa.

Muniratu: Har addu'a ta yi maka. Ta ce in ka zo, dokunu da kifi kyauta.

Inusah: Kada ki sa ni dariya, raina a ɓace yake. Ai da sai ki nemi wani katakon ki ba ta.

Muniratu: In bar taka a jingine a tsakar gida, Kawu Ziblim ya sa a mayar da ita kafin in dawo daga kasuwa? Na san mutanena.

Inusah: Kawu ya iso ke nan?

Muniratu: Kana tambayata kamar ba ka sani ba. Ya ce ya kira ka, ka ce a yi abin da ya dace.

Inusah: Cewa ya yi zai kai ta gida ta huta. Ƙaninta ne, Muni, ciki ɗaya. A ƙauye ba mota, ba kwata, akwai dangi. Ke kaɗai ba za ki iya ba.

Muniratu: Wane gida? Matar da ta zo Nima tana amarya, ta haife mu a nan, ta binne mijinta a nan? A can wa ta sani? Waɗanda ta sani duk suna ƙasa. Kuma kai ma ka san abin da ake kiran tsohuwar da ke magana ita kaɗai, tana yawo tana taɓa ƙofofin mutane: mayya. A nan an tofar da yawu, na je na rama. A can wa zai rama mata?

Inusah: Kawu ba zai bari ba.

Muniratu: Kawu zai kulle ta a ɗaki don kada a faɗa, shi ke nan taimakon da zai iya. Ya riga ya kama musu mota ta jibi Asabar. Na ce masa ba inda za ta. Ya ce ni yarinya ce, na ce na ji. Da ya ga zan tara masa jama'a, sai ya ce to, in Mma ta iya shiga gidanta da kanta, ba wanda ya riƙe mata hannu, shi da idonsa ya gani, zai koma shi kaɗai. In ta wuce, in haɗa mata kaya.

Inusah: Kuma kika yarda?

Muniratu: Na yarda, don na san abin da nake yi. Ka zo ka ga cikin gidan. Wata nas a asibiti ta ce mini masu wannan ciwon ido da hannu sun fi kai riƙe abu. Sai na ja layin ruwan ɗorawa a ƙasa daga ɗakinta zuwa banɗaki, ta daina shiga kicin da buta. Tuwo a farin kwano ba ta ganinsa, na sayo jan kwano, yanzu tana cinyewa. Labulen ɗakinta na ɗinka shi da tsofaffin zannuwanta, na sunanka ma yana ciki. Ba ta ƙara shiga ɗakin 'yan haya ba.

Inusah: Ke kika yi duk wannan?

Muniratu: A'a, aljanu. Saura ƙofar waje kawai, kuma ita ce ta ƙi ni.

Inusah: Ba kin mayar da ita ba?

Muniratu: Na mayar. Na goge ta, na cike tsagar, na haɗa koren da hannuna har ya yi daidai da wanda ya maƙale a jiki. Na sake zana zabuwar nan da Baba ya yi a jikin ƙofar a inda take, da ɗigo-ɗigonta fari. Wallahi ta yi kyau, masu wucewa har hoto suke ɗauka. Shekaranjiya na kawo Mma, ta tsaya, ta daɗe tana kallo, har na fara hamdala. Sai ta ja baya, ta ce mu tafi, gidan mutane ne. Jiya ma haka.

Inusah: Ba ta ce komai ba?

Muniratu: Ta ce wannan tana kallonta.

Inusah: Tana me? Layin ya...

Muniratu: Kallonta! Ta ce zabuwar tana kallonta. Shi ya sa na kira ka. Kai ka san ƙofar nan tun Baba na da rai, ni ina rarrafe ya rasu. Akwai abin da na ɓata, kuma ban san ko mene ne ba. Yau ce ranar Kawu. Yana can kan benci a ƙofar masallaci, ina hango hularsa. Ana idar da la'asar Anti Salimatu za ta kawo Mma bakin lungu ta sake ta.

Inusah: Yau? Yanzu ƙarfe nawa a wurinku?

Muniratu: Yanzu aka shiga sallah, har da Kawu. Ka yi tunani, Yaya. Koren ne bai yi ba?

Inusah: Ban gani ba, ya zan sani? Faɗa mini yadda kika zana ta.

Muniratu: Jiki toka-toka, ɗigo fari. Ƙafa ɗaya a ɗage kamar tana tafiya.

Inusah: Haka take. Tana fuskantar ina?

Muniratu: Wajen sakata.

Inusah: Daidai. Wutsiya a ƙasa?

Muniratu: A ƙasa. Wuya ya miƙe zuwa sakata, sai kan a samanta kaɗan. Na yi mata ɗan jan nan na gefen baki, da ƙahon, da ido.

Inusah: Kai? Wane kai?

Muniratu: Kan zabuwa mana.

Inusah: Kin yi mata kai?

Muniratu: To da ƙafa zan yi mata a wurin? Na san tun ina yarinya ba ya nan, hannuwa sun goge shi saboda yana kusa da sakata. Shi ne na mayar mata da abinta.

Inusah: Ei, Muni! Ba gogewa ya yi ba. Zabuwar nan ba ta taɓa yin kai ba!

Muniratu: Kamar yaya?

Inusah: Ba ta da shi tun farko. Ba wanda ya taɓa ba ki labarin?

Muniratu: Wa zai ba ni? Kai ka tafi, ita ta manta. Yi sauri!

Inusah: Lokacin da aka kawo Mma daga arewa, ba ta jin Hausa, ba ta jin yaren Ga na mutanen Accra, ba ta karatu. In ta fita ɗiban ruwa sai ta ɓace, lungunan Nima duk iri ɗaya ne a idonta. Baba yana rubutun alluna a lokacin, sai ya ce zai sa mata alamar da ba za ta wuce ba. Ya tambaye ta me ta fi kewa a garinsu, ta ce zabin uwarta.

Muniratu: Ashe tun farko don kada ta ɓata aka yi ta.

Inusah: Don haka ne. Yana cikin zanawa, ya kai wuya, sai limamin lokacin ya zo wucewa. Ya ce Malam Hudu, hoton mai rai a ƙofar Musulmi? Mala'iku ba za su shiga ba. Baba ya ce to Malam, in ba kai fa? Liman ya ce abin da ba kai ai ba mai rai ba ne. Sai Baba ya ja wuyan ya kai shi kan sakata, ya wanke buroshinsa.

Muniratu: Kawu ma jiya sai da ya yi mini maganar mala'ikun nan, na yi kamar ban ji ba.

Inusah: Duk shekara kafin babbar Sallah Baba yake sabunta ta, kuma a nan yake tsayawa. Na taɓa tambayarsa, ya ce in jira Mma ta dawo daga kasuwa in gani. Da ta zo ta kama sakatar, sai ga kai ya fito. Hannunta ne kan. Ga jan lalle a yatsunta, daidai inda jan zabuwa yake.

Muniratu: Wayyo Allah. Ni kuma na je na cike mata wurin hannunta.

Inusah: Kuka kike?

Muniratu: Ba kuka nake ba, gwangwani nake buɗewa da haƙori. Riƙe, zan sa wayar a kafaɗa.

Inusah: Me za ki yi?

Muniratu: Yanka zan yi. Sauran koren na nan.

Inusah: Ai ba zai bushe ba kafin su zo.

Muniratu: Ya bushe a hannunta. Ina wuyan yake ƙarewa? Ƙarƙashin sakata ko a jikinta?

Inusah: A jikinta, daidai inda ƙarfen ya lanƙwasa. Sakatar ta da ce ko sabuwa kika sa?

Muniratu: Ta da ce. Mai dokunu tana ɗaure igiyar rumfarta da ita, sai da na haɗa mata da roƙo. Ido ya tafi. Ƙahon ya tafi. Kai, wannan jan yana da taurin kai, sai na sake bi.

Inusah: Kada ki sa ya yi kauri, zai zubo.

Muniratu: Yau kuma ni za a koya wa fenti daga Italiya? Wuyan siriri ne ko...

Inusah: Siriri, ya ɗan karkace. Haka Baba yake yin sa.

Muniratu: Na karkata shi. Yaya, an sallame. Ga mutane na fitowa.

Inusah: Kin gama?

Muniratu: Saura baki. Shi ke nan. Bari in tura gwangwanin bayan tukunyar fulawa. Kawu ya taso, ya tsaya a gindin sandar wuta, ya harɗe hannu a baya kamar mai duba gona.

Inusah: Ita fa?

Muniratu: Ban gan su ba tukuna. Ka san tafiyar Anti Salimatu. Yaya, in ta wuce ma ba zan haɗa kayan nan ba, gara ka sani tun yanzu. Sai dai Kawu ya ɗauke mu mu biyu.

Inusah: In ta wuce ki ba shi wayar, ni zan yi masa magana.

Muniratu: Da gaske?

Inusah: Na ce ki ba shi. Matar nan ta kamfanin waya ba ta yi miki gargaɗi ba tukuna?

Muniratu: Ta yi tun ɗazu, na share ta. Ga su can! Sun shigo lungu. Mma ta sa mayafinta ruwan toka. Anti ta sake mata hannu, ta koma baya.

Inusah: Ke kina ina?

Muniratu: Na laɓe a shagon mai gyaran rediyo, kada ta gan ni ta biyo ni. Tana tahowa. Ta tsaya tana gaida akuyar mutane.

Inusah: Mma ke nan.

Muniratu: Ta wuce famfo. Ta wuce gidan Fauzia. Saura namu. Ya Allah. Ya Allah.

Inusah: Me ya faru? Yi magana!

Muniratu: Ta zo daidai. Ba ta juyo ba. Yaya, tana wucewa, ta wuce ta...

Inusah: Kira ta!

Muniratu: Ba zan kira ba, Kawu na kallo. Tsaya. Ta tsaya. Tana shinshina iska, ƙamshin fentin ne. Ta juyo.

Inusah: Sai me?

Muniratu: Tana kallon ƙofar. Ta matso. Ta ɗaga hannu... Yaya, ta kama! Ta kama sakatar! Wallahi ga kan nan, na gan shi, ga kan zabuwar!

Inusah: Allahu akbar. Ta buɗe?

Muniratu: Ta buɗe, ta sa ƙafa ciki. Tana duba tafinta, duk ya yi kore. Ji faɗa! Kana jiyowa?

Inusah: Hayaniya kawai nake ji. Me take cewa?

Muniratu: Wai Baban Inusah ya sake yin fentinsa bai gaya wa kowa ba, kullum sai ya ɓata mata mayafi ana gobe Sallah.

Inusah: Haka take ce masa. Wallahi haka take ce masa duk shekara.

Muniratu: Yanzu wa ke kuka?

Inusah: Sanyi ne ya shiga mini ido. Kawu fa?

Muniratu: Ya cire hula yana share fuska da ita. Ya bi ta ciki, ta ce ya cire takalmi, ba gidan gwauro ba ne.

Inusah: Muni, ƙofar ƙarfen nan, ki bar wa mai dokunu. Ki cire makullan dai kada su tuntuɓe mutane.

Muniratu: Dama ba ni da niyyar ɗaukowa.

Inusah: Kai mata wayar. Na san ba ta gane muryata tun bara, amma kai mata.

Muniratu: Ina zuwa, bari in tsallaka. Mma! Mma, ga Inusah. Inusah naki. Ta ƙi karɓa, wai hannunta da fenti.

Inusah: To sa mata a kunne.

Muniratu: Ta kauce. Tsaya, tana magana. Na'am, Mma? Ta ce kana ina, na ce kana waje.

Inusah: Sai ta ce me?

Muniratu: Ta ce me kake yi a waje tun ɗazu? Ka shigo mana, ƙofa a buɗe take.

Inusah: Ki ce mata ina zuwa. Muni, ki ce mata Sallar nan da kaina zan... Alo? Muni? Alo?